Lafiya Dai, Mai Babur?

 Mu biyu ne da wannan magana, miji da mata, mazauna Kazaure. Maigida ne yake riƙe da kan babur, uwargida kuwa tana baya, kuma mun fi shekara talatin muna tafiya haka. Dangin maigida suna ƙauyukan Roni da Gwiwa, na uwargida suna ƙasar Babura, saboda haka suna da biki da ta'aziyya da gaida marar lafiya ba su barin babur ɗinmu ya huta. Na gaba idonsa a kan hanya yake, ta baya ita ce mai ganin fuskokin mutane. Da muka haɗa abin da kowannenmu ya gani, sai muka ce bari mu ba ku labari, ko wani ya ƙaru.

Maganar a kan mutumin da ba mu sani ba ce, wanda muke gamuwa da shi a hanya, shi a kan babur, mu a kan babur. Wane hakki yake da shi a kanmu, wane hakki muke da shi a kansa? Za mu fara da abin da ya ba mu kunya, gama daga nan ne muka soma koyo.

Wanda muka wuce

A ƙarshen 2021, cikin hunturu, mun je ta'aziyya wani ƙauye a ƙasar Gwiwa. Gaishe-gaishe suka riƙe mu, ba mu kamo hanyar gida ba sai da rana ta yi ja. Hazo ya rufe ko'ina, hanyar kuwa burji ce, ba gida kusa, sai gonakin da aka riga aka girbe. Muna shan wata kwana sai muka hangi mutum yana tura babur. Ya naɗe fuskarsa da rawani saboda ƙura, idanu kaɗai ake gani. Da ya ji ƙarar namu sai ya juyo ya ɗaga hannu.

Maigida ya sassauta totur. Uwargida ta taɓa shi a kafaɗa ta ce, "Maigida, kada ka tsaya. Ba mu san shi ba." Maigida bai yi musu ba, gama abin da yake ransa ke nan. Ya ƙara wuta muka wuce, muka bar mutumin cikin ƙurarmu. Ko sannu ba mu ce masa ba.

Muna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Ƙasar Gwiwa tana iyaka da Jihar Katsina, kuma a shekarar nan ne gwamnatin Katsina ta kafa dokokin tsaro masu tsanani, har da taƙaita hawan babur da dare da hana sayar da fetur a jarka, saboda 'yan bindiga masu yawo a kan babura. Ko da yake masifar ta fi yawa can yamma, nesa da mu, labarinta yana kunnen kowa. Ga kuma labarin masu ƙwacen babur, waɗanda ɗaya yakan yi kamar mashin ɗinsa ya lalace, sauran suna ɓoye a bayan geza. Wanda maciji ya taɓa sara, ko igiya ya gani sai gabansa ya faɗi.

Muka iso gida lafiya, muka ci tuwo, ba wanda ya ta da maganar. Sai can cikin dare uwargida ta ce, "Ka ga abin da ya ɗaure a bayan babur ɗin nan?" Maigida ya ce bai lura ba. Ta ce, "Tabarma ce da buta da kular abinci. Sai da muka wuce na gane." Muka yi shiru. Kowa a ƙasar nan ya san wanda yake tafiya da waɗannan kaya uku da yamma. Mai jinya ne, yana da marar lafiya kwance a asibiti, ana jiran ya kai abinci ya kwana a wurin.

Har yau ba mu san ko wane ne shi ba, ba mu kuma san ƙarfe nawa ya isa ba. Tun muna yara muka san labarin mutumin da aka bari kwance a hanyar Yariko, da waɗanda suka ratse suka wuce shi, kuma kullum muna sa kanmu a wurin wanda ya tsaya. A daren nan muka ga inda muke a cikin labarin.

Wanda ya tsaya mana

A daminar 2023 abin ya juyo kanmu. Za ku tuna a ƙarshen watan Mayu na shekarar aka cire tallafin mai, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Kowa ya koma auna mai kamar magani. Mu ma mun auna, amma awonmu ya gaza. Muna dawowa daga wajen Babura ta wata turbar ƙauye domin mu yanke hanya, yashi ya ci mai fiye da yadda muka zata, babur ya yi tari sau biyu ya mutu. La'asar ta yi sanyi, hadari ya haɗu a gabas, ba mai sayar da mai sai an yi tafiya mai nisa.

Babura uku suka wuce mu. Na farko ya kau da kai, na biyu ya ƙara gudu, na uku ya dube mu kamar zai tsaya, sa'an nan ya fasa. Ba mu zagi kowa ba, da wane baki? Sai uwargida ta ce wa maigida, "Cire abin nan daga fuskarka, ka matsa daga jikin babur. Bari in tsaya a gaba su ga da mace." Haka muka yi.

Na huɗu saurayi ne a kan Boxer, ya ɗauro buhu biyu a baya. Ya wuce mu da kamar taki ashirin, sa'an nan ya tsaya. Bai sauka nan da nan ba. Ya duba gabas da yamma, ya duba cikin gonar geron da take gefe, ya sauke ƙyallen da ya rufe hanci da shi, ya ɗaga murya ya ce, "Salamu alaikum. Baba, lafiya dai?" Maigida ya amsa ya ce, "Lafiya ƙalau, samari, mai ne ya yanke mana." Sai a sa'an nan ya kashe mashin ya tako. Ya rusuna ya gaida uwargida ya ce, "Sannu, Inna, kun sha hanya." Ya ɗauko gorar ruwa da ba kome a ciki, ya zare tiyon da yake ƙarƙashin tankinsa, ya tsiyaya mana wajen rabin lita. Maigida ya sa hannu a aljihu, yaron ya ja da baya ya ce, "Haba Baba, ai hanya ce. Yau ku ne, gobe ni ne."

Bai tsaya nan ba. Ya ce mu shiga gaba, ya bi bayanmu a hankali har muka kai wurin masu sayar da mai a kwalba. Da ya ga mun tsaya, ya danna oda sau biyu, ya juya ya koma, ashe mun riga mun wuce mararrabar garinsu. Bai tambayi sunanmu ba, ko garinmu, ko addininmu, mu ma ba mu sami zarafin tambayar nasa ba. Muna shiga gida ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Abin da ya tsaya mana a rai ya fi rabin litan nan. Yaron ma yana jin tsoro, mun gani a yadda ya tsaya. Sai dai shi ya san yadda ake haɗa tsoro da taimako, mu kuwa da furfurarmu ba mu sani ba.

Yadda hanya ta cika da baƙi

Da ba haka abin yake ba. Sa'ad da maigida yake yaro, masu babur a ƙasar Kazaure ana iya ƙirga su: malamin makaranta, malamin gona, malamin asibiti, duba-gari, da wani ɗan kasuwa nan da can. Da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975 aka ga sababbin Vespa da Honda da Suzuki sun ƙaru, duk da haka in mai babur ya wuce, yara sukan faɗi sunansa tun daga jin ƙarar. In biyu suka gamu a hanya, sai su tsaya, kowa ya sa ƙafa a ƙasa, a gaisa a tambayi iyali. A lokacin duk muna cikin Jihar Kano, gama sai a 1991 aka yanke Jigawa.

Daga baya babura masu araha suka shigo daga Sin da Indiya, irin su Jincheng da Boxer, har ya zama da wuya ka sami ƙauyen da ba babur. Shi ne jakin kai amfanin gona kasuwa, shi ne motar kai mai naƙuda asibiti, shi ne sana'ar dubban samari. Da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a cikin birni a watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, 'yan acaɓa da yawa suka koma garuruwansu ko suka nemi abinci a jihohin maƙwabta. Ga kuma babbar hanyar Kano zuwa Daura da ta ratsa Kazaure, ga iyakar Nijar a arewacin Babura. Yau in ka fita daga Kazaure zuwa Roni, cikin masu babur goma da za ka gamu da su, da ƙyar ka san biyu. Ladabin da muka gada na sanannu ne, hanya kuwa yanzu ta baƙi ce. Dole mu koyi yadda za mu ba baƙo abin da iyayenmu suke ba sananne.

Gaisuwa, da wane hannu?

Mu fara da ƙaramin abu, watau gaisuwa. A nan akwai wata matsala da ba kowa ya lura da ita ba. Hannun dama na mai babur yana kan totur da birkin gaba, ba ya sakuwa. Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972, da Nijeriya ta bar bin hannun hagu ta koma dama, kamar yadda maƙwabtanmu na Nijar suke yi tun da, mai zuwa daga gaba ta hagunka yake wucewa. Hannun da yake sake shi ne hagu, kuma shi ne yake wajensa. Mu kuwa tun muna ƙanana ake tsawata mana in mun miƙa wa babba hagu.

Turawa ba su da wannan damuwa. A Amurka masu babur sukan sauke hannun hagu ƙasa su nuna yatsa biyu ga duk mai babur da suka gamu da shi, sun san shi ko ba su san shi ba. A Ingila, da yake har yanzu hagu suke bi, mai zuwa ta wajen hannun totur yake wucewa, saboda haka kai suke gyaɗa wa juna. A Faransa in mutum ya ba ka hanya ka wuce, sai ka miƙe ƙafa ɗaya, godiya ke nan. Kowace ƙasa ta nemi abin da ya dace da hanyarta.

Mu ma muna da namu. A taɓa oda sau ɗaya a hankali, a sunkuyar da kai kaɗan, ya isa. In tafiyar a hankali ce, a ɗaga murya a ce "Sannu da hanya" ko "Barka da yamma." Wasu sukan saki totur su yi jinjina da dama, musamman ga dattijo, amma mun daina wannan sai in hanya shimfiɗaɗɗiya ce ba rami. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin wajen mita 17 a kowace daƙiƙa. In ka juya kana gaisuwa na daƙiƙa biyu, ka yi tafiyar fiye da mita 30 ba ka ga abin da yake gabanka ba, akuya kuwa ba ta san kana gaisuwa ba. A namu babur mun raba aiki: maigida ya taɓa oda, uwargida ta ɗaga dama, gama hannunta a sake yake.

Wani zai ce, mene ne amfanin gaida wanda ba za ka sake gani ba? Amfaninsa a hanyar daji ake ganewa. Sa'ad da babura biyu suke tunkarar juna a wurin da ba kowa, kowanne yana auna ɗan'uwansa a zuci. Ƙaramar odan nan tana cewa, na gan ka, ni ma matafiyi ne, ba ni da wata niyya a kanka. Mun sha ganin kafaɗun mutum sun sauko bayan an gaishe shi. A cikin garin Kazaure ranar kasuwa ba mai iya gaida kowa, ba kuma a bukata. Amma a turba tsakanin ƙauye da ƙauye, wanda ya wuce ka fuska a ɗaure ya bar maka damuwa har ka kai gida.

Abin da muke bin juna muna cikin tafiya

A yashin ƙasar Babura sau da yawa sawu ɗaya ne mai ƙarfi, duk wanda ya bar shi taya za ta nutse. In kun yi kiciɓis, wanda ba shi da kaya shi ne zai kauce. Mai buhuna, ko mai jarkokin ruwa, ko wanda ya goyo mace da jariri, in ya sauka daga sawun nan yana iya faɗuwa, kai kuwa ƙafa kawai za ka sa. A hawan duwatsun wajen Roni, mai gangarowa ya dakata wa mai hawa, gama wanda ya tsaya a tsakiyar hawa da kaya, tashi yakan yi masa wuya.

Da rani ƙura ce abin lura. Kada ka wuce mutum da gudu sa'an nan ka rage a gabansa, ya yi ta shan ƙurarka. Ko ka wuce ka yi nisa, ko ka zauna a baya da tazara. Da damina kuwa ruwan kwance ne. Mun taɓa zuwa suna da taɓo har wuya, domin wani ya ratsa kududdufi kusa da mu bai rage gudu ba, ko waiwaye bai yi ba. Rage gudu na ɗan lokaci ba ya sa mutum ya makara.

In za ka wuce na gabanka, yi oda tun daga nesa, ka bi ta hagunsa, ka bar fili. Kada ka zo dab da kunnensa sa'an nan ka danna, mai firgita yakan karkata wajen da bai shirya ba. In kai aka wuce, kada ka mai da shi tsere. Samari da yawa sun karye a kan abin da bai fi wannan ba, da mutumin da ko sunansa ba su sani ba.

Da dare, sauke fitila in ka hangi mai zuwa. Wanda ka kashe wa ido da haske, kanka zai iya faɗowa. In kuwa ka ga mai tafiya ba fitila, kwan ya mutu, ka matso a hankali ka yi masa magana, ka bar shi ya bi haskenka har gari. Amma kada ka bi bayan mutum cikin duhu shiru ba magana, ko da niyyarka mai kyau ce. Zai ɗauka ɓarawo ne, ya yi gudun da zai hallaka shi. Saurayin da ya raka mu sai da ya faɗa mana tukuna.

In ka baro haɗari a bayanka, ko kwalbatin da ruwa ya cinye, ko garken shanu suna tsallaka kwalta a bayan kwana, sanar da mai zuwa. Kunna fitila ka kashe sau biyu, ko ka yi masa alama da tafin hannu ƙasa ƙasa, ya rage gudu. A nan ba mai kula da ko hagu ne. In ka ga zanen matar da aka goya yana lilo kusa da taya, ko kaya sun karkace, ko an manta ba a ɗage jak ba, ka matsa ka faɗa, ko da za a harare ka. Zane in ya shiga taya, ƙasa yake fizgo mace. Uwargida ta sha kiran matan da ba ta sani ba, "Baiwar Allah, tattara zanenki!" Ba wadda ta taɓa jin haushi.

Tsakanin tsayawa da gudu

Yanzu mu koma kan babbar maganar, watau wanda ya tsaya a gefen hanya. Ba za mu ce muku ku tsaya wa kowa a ko'ina ba. Mugaye suna nan, kuma mai iyali yana da hakkin ya koma gida da ransa. Kuskurenmu a hanyar Gwiwa shi ne mun ɗauka abu biyu ne kaɗai a gabanmu, ko mu tsaya mu sa kanmu a hannunsa, ko mu gudu. Ashe akwai matakai da yawa a tsakani.

Kana iya yin yadda saurayin nan ya yi. Wuce kaɗan, tsaya a fili inda kake ganin ko'ina, bar mashin a kunne, buɗe fuskarka, yi sallama daga nesa ka tambaya. Dubi kayan da ya ɗauko, dubi tayarsa, dubi ko akwai mace ko yaro tare da shi, saurari muryarsa. In hankalinka ya kwanta, sauka. In bai kwanta ba, ka ce, "Yi haƙuri, Malam, zan turo maka mai faci," ka kuwa cika alkawari. A ƙauye na gaba akwai mai faci, ko mai shayi, ko 'yan sintiri, ko mai unguwa. Su sun san mutanen yankinsu, kuma za su tafi su biyu ko uku. In mai gaskiya ne ya sami taimako, in mugu ne an san da shi. Kana kuma iya jira wani mai babur ya iso ku koma tare. Da mun yi ko ɗaya daga cikin waɗannan a daren nan, da mai jinyar nan bai yi ta tura babur cikin duhu ba, mu kuma ba abin da zai same mu.

Wanda ya lalace a hanya shi ma yana da nasa ladabi. Ka tuna mai zuwa tsoronka yake ji. Cire rawani ko takunkumi daga fuska, tura babur zuwa fili nesa da duhuwa, matsa daga jikinsa, bari a ga hannuwanka biyu. In ku da yawa ne, ɗaya ya tsaya a bakin hanya, sauran su zauna a inda ake ganinsu. Faɗi matsalarka da ƙarfi cikin kalma biyu: "Mai ne!" ko "Faci ne!" In an taimake ka, miƙa kuɗin mai, gama ɗan acaɓa da man nan yake ciyar da gida. In ya ƙi karɓa kada ka matsa har ka ɓata masa alherinsa. In kuma an wuce ka, kada ka bi mutum da zagi, ba ka san abin da ya taɓa samunsa ba.

Tun daga 2023 ba mu fita sai da gora ƙarama da ba kome a ciki, da famfon iska, da fulogi ɗaya, da sifana. Duka ba su cika leda ba. Sau da yawa ba mu muke amfani da su ba.

In haɗari ne

In ka tarar mutum ya faɗi, nan ba maganar sani ko rashin sani. Fara da tsare wurin, a sa ganye ko reshe a kan hanya daga nesa ta kowane gefe, kada na baya su hau kansa. Kashe mashin ɗin da ya faɗi saboda wuta. In yana kukan wuya ko baya, ko ba ya motsi, kada a ciccibe shi a naɗe a kan babur, gama ƙashin bayan da ya tsage yana iya ƙarasa karyewa a hannun masu taimako. A nemi mota, a ɗauke shi a miƙe, wani yana riƙe da kansa. In yana da hular kwano kada a fizge ta. Wurin da yake zubar da jini a danne shi da tsumma mai tsabta. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki, ko da yake al'adarmu ce, gama yana iya sarƙe shi. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da lambar kiran gaggawa, 122, kyauta ce.

Mutane da yawa suna gudun kai wanda ba su sani ba asibiti, don kada a riƙe su. Ku sani dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa. In kana jin tsoro, tafi da shaida ɗaya ko biyu daga wurin, a kuma sanar da mai unguwa mafi kusa. Abu biyu kuma muke roƙo. Kada a tsaya ɗaukar hoto da waya mutum yana kwance cikin jini, yana da uwa da za ta gani. Kada kuma a taru a kan ɗaya mai babur ɗin da duka don shi baƙo ne a garin. A fara ceton rai, shari'a tana da ranarta.

Ga iyaye

Kusan kowane gida da wannan jarida take shiga akwai saurayi mai hawa babur, ko nasa, ko na haya, ko na aro. Mukan koya musu giya da birki cikin kwana uku, mu miƙa makulli. Mukan yi musu faɗa a kan gudu da hular kwano, kuma daidai ne. Amma kaɗan ne cikinmu suke zaunar da yaro su gaya masa yadda zai yi da mutumin da bai sani ba. Yaro kuwa abin da ya gani daga bayan babur ɗin ubansa shi yake ɗauka. In ya ga uban yana sauke fitila, yana kauce wa mai kaya, yana tsayawa daga nesa ya tambayi lafiya, haka zai yi. In ya ji uwar kullum tana cewa "Kada ka tsaya," ba ta taɓa ƙarawa da "amma mu faɗa a gari na gaba" ba, wannan ma zai riƙe.

Ku tuna kuma, duk ranar da ɗanku ya faɗi a hanyar Babura ko ta Roni, ba ku ne za ku fara isa wurinsa ba. Wani mai babur ne da bai san shi ba, bai san ku ba. Abin da za ku so mutumin nan ya yi, shi za ku koya wa naku.

Mu dai har yanzu in muka bi ta kwanar nan ta ƙasar Gwiwa, maigida yakan rage gudu, uwargida takan duba gefen hanya, ko da yake mun san ba za mu same shi ba. In kana cikin masu jin wannan labari, kai mai tabarma da buta, muna roƙonka gafara, muna fata marar lafiyarka ya tashi. Kai kuma saurayi mai Boxer, man da ka ba mu mun zuba shi a tankin mutum huɗu zuwa yanzu, kuma ba mu gama biya ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya.